Karabo da makullin pon: yaushe ake sawa, yaushe ake cirewa?



A damanar da ta wuce, wani ɗan'uwanmu ya sayi raguna da ƴan maruƙa a wata kasuwar daji arewa da Dakoro, ya loda su cikin Land Cruiser ɗinsa, da niyyar ya haɗa su da babbar motar da za ta tashi daga Maraɗi washegari. Ruwa ya sauka da dare. Da sunka iso wani kwari mai laka, direba ya shiga da ƙafa biyu kamar yadda ya saba da rani, mota ta kafe. Ya ja karabo, amma ya manta bai murɗa cibiyoyin ƙafafun gaba ba, ya yi ta ba da wuta har ƙafafun baya sunka nutse. Daga baya ya murɗa makullin pon taya tana cikin juyawa, sai anka ji ƙas! daga ƙarƙashi. Kwanansu biyu a wurin. Babbar mota ta tafi ta bar su, bisashe sun rame, ga kuɗin gyara, ga kuɗin wanda ya zo ya jawo su.

Motar nan tana da duk abin da ake bukata don ƙetare wanga kwari. Abin da ya rasa shi ne sanin lokacin sa kowane abu da lokacin cire shi. Da yawa cikinmu mun sa dukiya mai yawa cikin kat-kat, mun miƙa wa yaro makulli, mu kuwa ba mu san aikin ƙaramin giyan nan da ke kusa da babban ba. Shi ya sa munka ga ya dace mu yi bayani a wagga takarda tamu, don mai mota da direbansa su karanta tare.

Abin da ke cikin pon

Ku dubi shanun noma biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya. In sun kai ƙarshen kunya za su juyo, na waje sai ya yi taku da yawa, na ciki kuwa ya rage sauri, kusan ma ya tsaya. Ƙafafun mota ma haka suke a kwana: ta waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo. Da a ce ƙarfe ɗaya ya haɗa su gam, da ɗaya sai ta riƙa jan ƙasa. Don haka anka sa wani tarin haƙoran ƙarfe cikin tulun nan da ke tsakiyar pon, wato aksul, wanda makanikai ke kira difaransiyal. Aikinsa ya bar kowace ƙafa ta juya da nata gudu.

To amma yana da aibi guda. Ƙarfin da yake ba ƙafa ta dama, daidai shi yake ba ta hagu. In ɗaya ta hau santsi ko ta rataya a sama, ƙarfi kaɗan ya ishe ta ta yi ta juyawa, ita kuma wadda ke kan ƙasa mai kyau wannan kaɗan ɗin kawai za ta samu. Shi ya sa za ka ga taya ɗaya tana watsa laka, ƴar'uwarta tana tsaye kamar ba da ita ake ba. Kat-kat tana da pon biyu, kowane da nasa difaransiyal. Saboda haka ko da karabo a ciki, in ƙafa ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya sunka rasa abin kamawa a lokaci guda, mota ta tsaya ke nan.

Haruffan da ke kan ƙaramin giya

Motar da ta fi yawa a hannun ƴan kasuwarmu na daji ita ce Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Toyota ta fara irin wagga mota a 1984. Injin gazuwal mai silinda 6 da lita 4,2, wanda ake kira 1HZ, ya zo a 1990, samfurin 79 kuma a 1999. A kan ƙaramin giyanta za ka ga H2, H4, N da L4.

H2: ƙafafun baya kaɗai ke tura mota. Wannan shi ne na gudron da busasshen burji.

H4: ƙafa huɗu duka suna aiki, gudun giya bai canza ba. Na rairayi marar zurfi ne, da hanyar jan ƙasa bayan ruwa. In cibiyoyi suna kulle, ana iya shigar da shi mota tana tafiya sannu kan miƙaƙƙiyar hanya, a ɗan ɗaga ƙafa daga totur. In ba su kulle ba, sai an tsaya.

N: babu ƙafar da ke haɗe da inji. A kula ƙwarai, motar da anka bari a nan tana iya gangarawa ko babban giya yana ciki.

L4: ƙafa huɗu, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi, gwargwadon samfurin mota. Ba a shigar da shi sai mota ta tsaya cik, an taka ambirayaj, wato kuloci. In mota mai canza giya da kanta ce, a sa babban giya a N tukuna.

Sai cibiyoyin ƙafafun gaba, masu rubutun FREE da LOCK. Muddin suna kan FREE, tayoyin gaba ba su haɗe da pon ɗinsu, ko ka ja karabo ƙafa biyu kake tafiya. Mafi muni shi ne L4 da cibiya a buɗe, don duk ƙarfin nan da anka ninka zai faɗa kan pon ɗin baya shi kaɗai. A murɗa su duka biyu, kada a kulle ɗaya a bar ɗaya. Dabara mai kyau ita ce da zarar an sauka daga gudron an kama hanyar daji, yaron mota ya sauka ya kulle su, ko da za a ci gaba da H2. Ɗan man da za a ƙara sha bai kai wahalar shiga laka har gwiwa ana neman cibiya ba.

Hilux na tun 2015 da yawa ba su da ƙaramin giya, wani maɓalli ne ake murɗawa, cibiyar ma babu ta hannu. Haruffan dai su ne, ƙa'idar ma ita ce. Akwai kuma manyan motoci irin su Prado waɗanda kullum ƙafa huɗu suke tafiya, don suna da difaransiyal na ukku a tsakiya. Su gudron ba ya cutar da su, sai in an kulle na tsakiyan nan anka manta.

Mi ya sa karabo ba ya shiri da gudron

A motocinmu na ɗaukar kaya, in ka sa H4 ko L4, kardan na gaba da na baya sun zama abu ɗaya, dole su juya daidai. Amma a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin nisa. A kan rairayi ko laka ba komi, taya takan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan gudron taya ba ta samun zamewa, sai ƙarafan su riƙa murɗuwa kamar igiyar da ake tufka, har wani wuri ya gaza.

Alamominsa sanannu ne: sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna kuka a kwana, mota kamar ana riƙe ta, ƙaramin giya ya ƙi fita. In haka ta faru kada a sa masa ƙarfi, kada a buge shi da ƙafa. A koma da baya ƴan mitoci a miƙe, ko a sauke ƙafafun gefe ɗaya kan ƙasa mai laushi a bakin hanya, zai saki da kansa.

Wani abu kuma da ya shafe mu, mu masu sayen tayoyin gwanjo: in tayoyin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, wagga murɗuwa tana faruwa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Sabuwar taya a gaba, gogaggiya a baya, ko lamba daban-daban, duk suna ci wa akwatin karabo rai. Tayoyi huɗu su zama lamba ɗaya, cinsu kusan ɗaya.

Makullin pon

Makulli, wanda wasu ke ce wa bulokaj, shi ke kashe aikin difaransiyal na ɗan lokaci, ya haɗa ƙafar dama da ta hagu su juya tare, ko ɗaya tana sama. Ba kowace mota ke da shi ba. A Land Cruiser mai shi, za ka ga ɗan maɓalli kusa da sitiyari: RR na baya ne, FR RR kuma gaba da baya duka. Hilux masu shi galibi na baya kaɗai gare su, a wasu kuma ba ya shiga sai a L4.

Ga ƙa'idodinsa:

1. A sa shi kafin a shiga mugun wuri, mota tana tsaye ko tana rarrafe. Haƙora ne ke shiga cikin haƙora. In taya tana juyawa da ƙarfi ka murɗa shi, haƙoran ne za su kakkarye, kamar yadda ya faru ga ɗan'uwanmu.

2. In fitilarsa tana ƙyaftawa, bai shiga ba tukuna. A ɗan matsa gaba sannu ana karkata sitiyari kaɗan, har fitila ta tsaya.

3. Littafin Toyota ya ce kada a wuce gudun kilomita 8 a awa da makulli a ciki. Wato tafiyar mutum mai sauri.

4. Na baya ake fara sawa. Na gaba sai in na baya bai isa ba, kuma a miƙe kawai. Da shi a ciki sitiyari yakan yi tauri, mota ta ƙi juyawa. Wanda ya karya sitiyari har ƙarshe ya ba da wuta, gaɓar da ke cikin gwiwar ƙafar gaba ita ke fashewa.

5. Da an fita a cire, na gaba tukuna, sannan na baya. A duba fitila ta mutu kafin a ƙara gudu. A sababbin motoci, birkin ABS ba ya aiki muddin makulli yana ciki.

Akwai masu kai mota a yi wa difaransiyal walda don ya kulle har abada. Muna ba ƴan'uwa shawara su guji wannan. Motar da ke hawa gudron da kaya, in anka yi mata haka, tana cin taya, tana ƙin kwana, ƙarfen ƙafa kuma bai daɗewa.

Rairayi

Masu bin hanyoyin Abalak da Cintabaradan, ko arewacin Tanut, ko Bermo da Gadabeji, sun san rairayi shi ne abokin tafiya na yawancin shekara. A nan iskar taya ta fi makulli amfani. In an rage iska, taya tana shimfiɗuwa kamar tafin raƙumi, ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa shi. Motar da ke wofi ana iya sauke ta zuwa wajen kilo 1,5. Mai kaya kuwa ƙafafun baya kada su yi ƙasa da wajen kilo 2, musamman tayoyi masu tub a ciki, don zafi yana kashe su. Da iska a rage ba a gudu, ba a kwana da sauri. Kafin a hau gudron a mayar da ita. Wanda ba ya da famfo da ma'aunin iska cikin mota, bai shirya shiga daji ba.

Rairayi marar zurfi, H4 da giya ta 2 ko ta 3 ya isa. Mai zurfi da kaya, L4 da giya ta 2 ko ta 3 ya fi, don inji ba ya wahala, kuloci ba ya ƙonewa. A zaɓi giya tun kafin a shiga, don da ka taka kuloci a tsakiya rairayi zai kama mota. Kada a taka birki da ƙarfi, taya takan tara tudu a gabanta. In za a tsaya, a nemi faƙo ko wurin da hancin mota ke kallon gangare. Da sassafe rairayi ya fi tauri, da rana tsaka ya fi laushi, inji ma ya fi zafi. Idon direba ya riƙa komawa kan allurar zafi.

Laka da ƙorama

Laka kala biyu ce. Akwai ta sama-sama mai santsi, ƙarƙashinta da tauri. Akwai kuma ta fadama da ta kwarin Tarka da filayen wajen Ingal lokacin damana, wadda ke haɗiye mota har ciki. In cikin mota ya zauna a ƙasa, ko makulli goma gare ta ba inda za ta. Don haka yaro ya sauka da sanda ya taka wurin tukuna. In sanda ta nuna za a iya, to a tsaya a kan busasshiyar ƙasa a shirya komi: cibiya a kulle, L4, giya ta 2, makullin baya. A shiga da wuta daidai wa daida, kada a ƙara kada a rage, har a fita.

Ƙorama mai gudu kuwa, kamar yadda muke gani a gulbin Maraɗi da gulbin Kaba bayan babban ruwa, babu karabon da ke maganinta. Ruwa yana cinye rairayin da ke ƙarƙashin taya, ya ture mota ta gefe. A jira. Sau da yawa ƙaramar ƙorama cikin ƴan awoyi ta janye. Wajen sauka gaɓa mai tsayi, L4 da giya ta 1, ƙafa nesa da kuloci, a bar inji ya riƙe mota. Bayan an ƙetare ruwa a ɗan tattaka birki ya bushe. In an isa gari a buɗe pon a duba mansa: in ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, a canza shi.

Kayanmu mai rai ne

Nan ne lamarinmu ya bambanta da na mai ɗaukar buhun hatsi. Buhu inda ka ajiye shi nan yake. Sa kuwa tsaye yake, nauyinsa yana sama, in mota ta karkata shi ma sai ya jingina can, sauran su bi shi. Makullin baya a kan gangaren gefe yana da haɗari ƙwarai, don in ƙafafun baya biyu sunka zame tare, gindin mota yakan sulale zuwa ƙasa. Da bisashe a sama, kifewa ba ta da wuya. Tudu ana hawansa a miƙe, a sauko a miƙe, ba a yanka shi ta gefe.

A ɗaure manyan bisashe, a raba su da ƙanana da itace, a zuba rairayi ko tattaka a ƙasan mota don kofato ya samu wurin kamawa. Sannan a tuna abin da motar nan za ta ɗauka wajen tan 1 ne, a cikinsa har da mutane, da gangar gazuwal, da tayoyin safaya, da ƙarafan keji. Manyan bajimai biyu sun kusa cika wanga lissafi. L4 yana sa mota ta ja abin da ya fi ƙarfinta ba tare da ta yi kuka ba, shi ya sa yake ruɗin mutane. Injin zai iya, ƙarafan ƙafa ne ke biya.

In mota ta kafe

Abu na farko, a ɗaga ƙafa daga totur nan take. Kowane juyi na banza ƙara zurfin rami yake. A gwada komawa da baya kan sawun da anka shigo, sannu. In ta ƙi, a sauka a duba: cibiya tana kulle? Fitilar karabo ta kama? Wace ƙafa ke juyawa, wace ke tsaye? In ɗaya ke juyawa ƴar'uwarta na tsaye, nan ne makulli ke da magana. In duk huɗun suna juyawa, aikin felu ne da jak.

Mu kuma muna da wata sa'a da mai hatsi ba ya da ita: kayanmu yana da ƙafa. A sauke bisashe a ɗaure su a inuwa, mota ta yi sauƙi. Gara wahalar sake lodi da karyewar pon. A haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin tulun pon, a ɗaga da jak kan katako mai faɗi, a cusa tol ko rassan itace. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak. In wata mota za ta ja, a ɗaura a ƙugiyar da anka yi don haka, jama'a su ja da baya nesa, don igiya ko sarƙa in ta tsinke ba ta zaɓen wanda za ta sara.

Ga mai mota

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makullin da ya shekara ba a taɓa shi ba, ranar da ake nemansa sai ya ƙi. Toyota ta ce a yi tafiyar kilomita 16 aƙalla kowane wata da ƙafa huɗu, don mai ya zagaya ƙarafan gaba. A yi wannan kan hanyar ƙasa, a sa makulli a cire sau biyu ko ukku. Kafin damana a duba man pon biyu da na akwatin karabo, a yi wa kardan girisi.

Mai sayen tsohuwar mota ya duƙa ya leƙa da idonsa ya ga kardan na gaba yana nan, don akwai motocin da anka cire wa shi bayan wani abu ya lalace. Makullin baya kuma ga yadda ake gwada shi: a tokare ƙafafun gaba, a ɗaga na baya duka biyu, giya a furi, a sa makulli. In yana aiki, ba za ka iya riƙe taya ɗaya wani ya juya ɗayar ba.

Daga ƙarshe, Alhaji, in direbanka ya tsaya zai rage iska ko zai aiki yaro ya taka laka, kada ka ce yana ɓata maka lokaci kasuwa za ta watse. Minti goma ne. Kai kuma direba, in ba ka gane wani abu ba ka tambayi na gaba da kai a tasha, ba abin kunya ba ne. Abin da muke so kowa ya riƙe gajere ne: a sa kafin a shiga, a tafi sannu, a cire da an fita.

Wanda ke da wata dabara da ya gani ta yi amfani a hanyoyin yankinsa, ya kawo ta ofishin ƙungiya, za mu buga a fitowa ta gaba don kowa ya ƙaru.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba da kasuwa mai albarka. Amin.